Bayan Takarda

Takardun Nomau ne, ƙanena.
Ya bar su cikin kwalin sabulu a zaure,
ɗari biyu da 'yan kai, gefe guda rubutu, gefe guda fari.
Ya ce jami'a ta karɓi mai tsabta, wannan tarkace ne.
Kayen ƙungiya ya cika tun Rajab,
sai na juya su, na ja layi da bik:
gujiya buhu nawa, itace na jaka nawa,
mai bido nawa ya tafi Jibiya.

Mu talatin da ɗaya ne a Bagalam,
masu suya, masu matsa, masu murza ƙuli.
Ni ce mai alƙalami.
Ranar Laraba lissafi ya ƙi.
Jaka arba'in da biyu ba su ga hanyar gida ba.
Ba wadda ta kama suna,
amma ido ya raka Tabawa har bakin ƙofa,
don ita ta kai kaya tasha,
kuma ɗanta ya sabunta tayar kabu-kabunsa.

Da dare kuran ya ɗauke.
Na kunna tocila, na kife takarda don kada in ga lambobi,
sai ga ni ido da ido da karatun Nomau.
Shekara huɗu yana bin mabiya Buda cikin littattafai,
mutanen ƙasar shinkafa da ruwa,
masu aske kai, masu mayafi ruwan goro.
Inna ta ce me ya kai ɗan Musulmi can.
Ya ce bincike ne, Inna, ba sujada ba.

Faransancina na lakwal ya yi tsatsa,
amma na tsinci wannan:
wai sau biyu a wata suke zama wuri guda,
kafin a buɗe taro kowa ya faɗi laifin kansa,
ba na maƙwabci ba.
Nomau ya ƙara a gefe da jan bik:
ma'aikatar da ba ta da wurin faɗin kuskure
tana tara shi kamar ruwa bayan katangar laka.

Wani shafin numfashi ne kawai.
Shiga, fita. A ƙirga goma, in an ɓace a koma ɗaya.
Na yi tsaki. Ni da ke ƙirga kuɗin mata talatin?
Na gwada. A huɗu hankali ya bi tayar kabu-kabu.
Na koma ɗaya.
A shida ya tafi hayar injin niƙa.
Na koma ɗaya.
Sauro na ta nasa wa'azi a kunnena.
Can wajen karo na bakwai zuciya ta kwanta
yadda mai ke yi in an ƙyale shi a tukunya,
tsaki a ƙasa, garau a sama.

Na juya takarda.
Shafi na tamanin da tara, bayan babin rashin dawwama:
bido uku na Hajiya Ta-Allah, bashi,
na sa su a layin waɗanda aka biya.
Sha huɗu sau uku.
Hannuna ne. Ga yadda nake karkata wutsiyar huɗu.

Da asuba na nemi gafarar Allah.
Wannan mai sauƙi ce, Ya riga Ya sani.
Mai wuyar tana gindin bedi,
tabarmi shida, ido sittin.

Na miƙe da zarar an shafa addu'a.
Na ce kuɗi ba su ɓata ba, ni na ɓata.
Iya Dije ta daɗe tana kallon ƙasa,
ta ce to, daga yau mai magana ta fara da nata.
Wata ta ce ashe sai magariba za mu tashi.
Aka yi dariya.
Tabawa ba ta yi ba.
Ta ci gaba da ɓarar gujiya cikin faranti,
ƙwaya gefe, ɓawo gefe.

Nomau ya zo Juma'a, ya ga kwalin ya ragu.
Ya ce kin karanta? Me kika gani?
Na ce takardarka na da kyau, tawada ba ta huda ta.

Sati uku ke nan.
Ina gaida Tabawa a famfo, tana amsawa da ka.
Ina shiga, ina fita, ina kai biyar,
in koma ɗaya.